Yadda za ka zaɓi furosesa idan aikinka rubuta manhaja ne

Tun da na fara koyon rubuta manhaja, babu tambayar da samarinmu na Agege da Mile 12 da Sabon Ibadan suka fi yi mini kamar wannan: "Wace kwamfuta zan saya?" Kuma kusan kowa da amsarsa a baki yake zuwa, wai shi dai i7 yake so. To ni ma haka na taɓa cewa, kuma na sha wuya a kai. Shi ya sa na ga ya dace in tattara abin da na koya a wuri guda, domin wanda zai shiga kasuwa ya san abin da zai duba kafin ya zaro kuɗinsa.

Mahaifina fataken shanu ne, a kasuwar Kara na tashi. Lokacin da na ce masa ina son kwamfutar koyon aiki, bai san abin da ake yi da ita ba, amma ya yarda da ni, ya sayar da bajimi guda ya ba ni kuɗin. Na je wani shago, na ga wata mai sheƙi da tambarin i7 a jikinta, mai shagon ya ce ai wannan ita ce ƙarshe, na biya na taho ina murna. Furosesan cikinta i7-6500U ne. Da na sa Android Studio na buɗe Chrome a gefe, sai fanka ta kama kuka, in danna gina manhaja sai in je in sha shayi in dawo ba ta gama ba. Abokina da muke koyo tare yana da i5-8250U, da ya saya a ƙasa da kuɗin tawa, amma kullum shi ke riga ni gamawa. Da na gaya wa Baba, abin da ya ce kawai shi ne: "Kai da ka tashi a Kara, ka taɓa ganin an sayi sa ba a buɗe bakinsa an duba haƙora ba?" Gaskiya ya faɗa. Suna da girman ƙaho na duba, ban duba shekaru ba.

Mene ne furosesa, kuma me ake dubawa a jikinsa

Furosesa shi ne ɗan guntun da ke aiwatar da duk umarnin da ka ba kwamfuta. A takardun kaya za ka ga an rubuta CPU. Abubuwa biyar ne ke nuna ƙarfinsa.

Na farko, yawan ƙwayoyi, wato abin da ake rubutawa Cores. Kowace ƙwaya tamkar ma'aikaci guda ce. In za a yi lodin tirela, mutum takwas sun fi mutum biyu saurin gamawa. Haka in kana da editan rubutu a buɗe, da burauza mai shafuka ashirin, da rumbun bayanai yana gudana a baya, kowanne zai samu ma'aikacinsa.

Na biyu, zaruruwa, wato Threads. Yawancin furosesoshi suna barin ƙwaya ɗaya ta riƙe layin aiki biyu a lokaci guda. Shi ya sa za ka ga ƙwaya 4, zare 8. Wannan ba ya ninka ƙarfi sau biyu, amma yana rage zaman banza.

Na uku, saurin ƙwaya ɗaya. Akwai aikin da ba ya rabuwa, dole ma'aikaci guda ya yi shi daga farko har ƙarshe. Yadda edita ke amsa maka in kana rubutu, da yawancin ƙananan shirye-shiryen Python da JavaScript, duk a kan saurin ƙwaya ɗaya suka dogara. A nan ne mutane ke ruɗewa da lambar GHz. Furosesana na da yana da 2.5 GHz a rubuce, na abokina 1.6 GHz, kuma da wannan lambar mai shago ya rinjaye ni. Abin da bai faɗa ba shi ne na abokina yana tashi har 3.4 GHz in aiki ya zo, nawa kuwa iyakarsa 3.1, sannan nasa ƙwaya huɗu ne, nawa biyu. Lambar GHz ba ta da amfani sai in kana kwatanta furosesa biyu 'yan zubi ɗaya, domin sabon zubi yana yin aiki fiye da tsoho a kowane bugu.

Na huɗu, ƙaramar ma'ajiyar cikin furosesa, wadda ake rubutawa Cache. Nan yake ajiye abin da yake yawan ɗauka don kada ya riƙa komawa ram. Tana taimakawa wajen gina manyan manhajoji, amma ba ita za ka fara dubawa ba.

Na biyar, wutar da yake ci, da wat ake auna ta. Mai cin wuta da yawa ya fi ƙarfi, ya fi zafi, ya fi saurin shanye batir. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin lamari ba ne, zan dawo kansa.

Karanta lambar Intel

i3 da i5 da i7 da i9 matsayi ne kawai a cikin zubi ɗaya. Zubi shi ne abin da 'yan kasuwa ke kira janareshan, kuma shi ne haƙoran da za ka duba. Yana nan a lambar da ke bayan suna.

In lambar huɗu ce kuma ta fara da 2 zuwa 9, lambar farko ita ce zubi. Misali i5-8250U zubi na 8 ne, i7-4600U zubi na 4. In ta fara da 10, 11, 12, 13 ko 14, to lambobi biyun farko ne zubi: i5-10210U na 10 ne, i5-1135G7 na 11, i5-1235U na 12. In ka ga lamba uku kacal bayan i5 ko i7, kamar i5-520M, wannan zubin farko ne na wajen 2010, ka wuce kawai.

Wurare biyu ne aka yi babban tsalle. Na farko shi ne zubi na 8, wanda ya fito a 2017. Kafin shi, furosesoshin kwamfutar cinya masu harafin U, ko i5 ne ko i7, ƙwaya biyu gare su. Daga zubi na 8 suka koma huɗu. Wannan ne dalilin da i5-8250U ke kayar da i7-7500U duk da cewa shekara ɗaya ce tsakaninsu. Tsalle na biyu shi ne zubi na 12, wanda ya fara fitowa a ƙarshen 2021. Daga nan Intel ya fara haɗa ƙwayoyi iri biyu: manya masu ƙarfi da ake kira P, da ƙanana masu tattalin wuta da ake kira E. i5-1235U yana da ƙwaya 10, amma biyu ne kawai manya, takwas ƙanana. Don haka in mai shago ya ce maka "ƙwaya goma ce," ka tambaye shi nawa ne manya.

Harafin ƙarshe shi ma yana da magana:

- U: mai tattalin wuta, wajen wat 15, na siraran kwamfutoci.
- P: tsaka-tsaki, wat 28.
- H ko HX: mai ƙarfi, wat 45 ko sama, na manyan kwamfutocin cinya da na wasanni.
- G tare da lamba, kamar G7: dangin U ne, lambar tana nuna ƙarfin sashen hoto.
- K: na tebur, wanda ake iya ƙara wa gudu.
- F: na tebur, ba shi da sashen hoto a ciki, dole ka sayi katin hoto daban, in ba haka ba allo ba zai nuna komai ba.

Daga Disamban 2023 Intel ya kawo sabon suna, Core Ultra 5 da 7 da 9, ba harafin i. Waɗannan sababbi ne, kuma kowanne ya isa aikin da muke magana a kai. Waɗanda za ka guje wa su ne Celeron da Pentium, irin su N4020. Sabuwar kwamfuta a kwali mai irin wannan furosesa tana da arha, tana da kyan gani, amma tsohuwar i5 zubi na 8 ta fi ta nesa ba kusa ba.

Karanta lambar AMD

Da yawa daga cikin mutanenmu suna gudun AMD, wai yana zafi. Wannan labarin tsofaffin AMD ne na kafin 2017, irin su A6 da A8 da E2. Tun da Ryzen ya fito a 2017 lamarin ya sauya, kuma sau da yawa za ka samu ƙwayoyi fiye da na Intel a kuɗi ɗaya. Ryzen 3, 5, 7 da 9 su ne matsayi, daidai da i3 zuwa i9.

Ga waɗanda aka fi gani a kasuwa: Ryzen 5 3500U ƙwaya 4 zare 8, Ryzen 5 4500U ƙwaya 6 zare 6, Ryzen 5 5500U da 5600U ƙwaya 6 zare 12, Ryzen 7 5800H ƙwaya 8 zare 16. Daga jerin 4000 zuwa sama su nake ba da shawara.

Akwai tarko guda a jerin 7000 na kwamfutar cinya. A nan lambar farko shekarar fitowa take nunawa, lamba ta uku ce ke faɗin ainihin ƙirar da ke ciki, wadda AMD ke kira Zen. Ryzen 5 7520U ƙirar Zen 2 ce, ƙwaya huɗu kawai. Ryzen 5 7530U ƙirar Zen 3 ce, ƙwaya shida. Ryzen 5 7640U kuwa Zen 4 ne, shi ma ƙwaya shida amma ya fi su duka gudu. Ka ga suna kusan ɗaya, kaya daban. Tsohon 5600U ya fi sabon 7520U ƙarfi.

Batun Apple

A Nuwamban 2020 Apple ya fitar da furosesan kansa mai suna M1, mai ƙwaya takwas, huɗu manya huɗu ƙanana. Bayansa M2 da M3 da M4 suka biyo. Abin da ya sa masu rubuta manhaja ke son su shi ne gudu ba tare da zafi ba, ga batir mai daɗewa. MacBook Air mai M1 ko fanka ba ta da ita.

In manhajar iPhone kake son ginawa, ba ka da zaɓi, domin Xcode a kan macOS kaɗai yake aiki. Amma ka kula da abu biyu. Ram ɗin waɗannan injina a manne yake, abin da ka saya da shi za ka zauna har ƙarshe, don haka mai 16GB ya fi mai 8GB ko da za ka ƙara jira kafin kuɗi su cika. Na biyu, kasuwa cike take da tsofaffin MacBook masu furosesan Intel. Apple ya sanar cewa macOS Tahoe na 2025 shi ne na ƙarshe da zai hau kan Mac mai Intel, kuma sabon Xcode sabon macOS yake nema. Wanda ya sayi irin wannan don aikin iPhone ya sayi abin da kwanansa ya kusa ƙarewa.

Wane aiki ke buƙatar wane furosesa

Ba duk rubuta manhaja ne nauyinsa ɗaya ba. Ka fara sanin inda ka dosa.

Mai koyon gina shafukan intanet da HTML da CSS da JavaScript, ko PHP, ko Python na farko-farko: ƙwaya 4 zare 8 sun ishe ka. VS Code da Chrome ram suka fi ci, ba furosesa ba.

Mai aiki da React ko Node ko Laravel ko Django, tare da rumbun bayanai irin MySQL ko PostgreSQL a kan injinsa: ƙwaya huɗu za su yi, shida sun fi daɗi.

Mai gina manhajar Android da Android Studio ko Flutter: nan ne nauyi yake. Gradle, wato abin da ke harhaɗa manhajar, yana raba aikinsa ga duk ƙwayoyin da ya samu, sannan wayar gwaji ta cikin kwamfuta ita ma tana cin nata. Ka nemi ƙwaya shida zuwa sama da ram 16GB. In ƙarfinka bai kai ba, ga dabarar da ta cece ni: ka bar wayar gwaji ta ciki, ka jona wayarka ta hannu da kebul ka riƙa gwaji a kanta. Nauyi mai yawa zai sauka.

Mai aiki da Docker ko WSL2 ko VirtualBox, wato gudanar da wata kwamfuta a cikin kwamfuta, kamar masu koyon tsaron intanet da ke sa Kali Linux: ƙwaya shida zuwa takwas, domin kowace inji ta ciki sai ka yanka mata ƙwayoyi da ram daga naka. Dole kuma furosesan ya zama yana da fasahar da Intel ke kira VT-x, AMD kuma AMD-V ko SVM, kuma a kunne take a BIOS.

Mai gina manyan ayyuka da C++ ko Rust ko Java: duk ƙwayar da ka ƙara za ka ga amfaninta. Ƙwaya takwas masu harafin H, ko kwamfutar tebur.

Mai son koyar da ƙirƙirarriyar basira: a nan katin hoto na Nvidia ya fi furosesa muhimmanci. Mai koyo zai iya farawa da Google Colab ta intanet kafin ya kashe kuɗi a kan inji.

Batun Windows 11

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa a hukumance yana neman Intel zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen jerin 2000 zuwa sama, tare da guntun tsaro TPM 2.0. Akwai hanyoyin da masu gyara ke bi su cusa shi a kan tsoffin injina, kuma za ka ga irinsu a shaguna, amma ganin Windows 11 a allo ba shaida ba ce cewa furosesan sabo ne. Wannan ma wani dalili ne na tsayawa a zubi na 8 a matsayin iyakar ƙasa. Wanda ya riga ya mallaki tsohuwa kamar yadda na yi, kada ya jefar: ka sa mata Linux, Ubuntu ko Linux Mint, za ta yi sauƙi, kuma dama yawancin sabobin da za ka yi wa aiki nan gaba Linux suke gudanarwa.

Furosesa ba shi kaɗai ke tafiya ba

Na sha ganin mutum ya zuba duk kuɗinsa a kan i7, ya ƙare da ram 4GB da tsohon faifai mai juyawa. Irin wannan inji rarrafe za ta yi. In ram ya cika, kwamfuta sai ta koma ajiye kaya a faifai, furosesa kuma ya zauna jira. Ga mai buɗe abubuwa da yawa a lokaci guda, 8GB shi ne na maleji, 16GB shi ne daidai, 32GB na masu Docker da injinan ciki ne. Faifai kuwa dole SSD, aƙalla 256GB, in da hali 512GB, domin Android Studio da kayansa kaɗai suna cin wuri sosai.

Da a ba ni zaɓi tsakanin i7 mai 8GB da i5 ɗan zubi ɗaya mai 16GB, i5 zan ɗauka ba tare da tunani ba. A zubi na 8, i5-8250U da i7-8550U duk ƙwaya 4 zare 8 ne, bambancinsu kaɗan ne, bai kai ratar kuɗin ba.

Ka tuna kuma furosesan kwamfutar cinya a manne yake da allon ciki, ba a sauya shi. Ram ne wani lokaci ake iya ƙarawa. Tsofaffin injinan ofis irin su ThinkPad T480 da HP EliteBook 840 G5 da Dell Latitude 5490 suna da gurbi biyu na ram, shi ya sa masu koyo ke son su. Sai dai wasunsu da furosesa zubi na 7 suka zo, don haka sunan injin bai isa ba, sai ka karanta lambar. In za ka ƙara ram, sanda biyu masu 8GB sun fi sanda ɗaya mai 16GB gudu.

Wuta da zafi

Masu sharhin kwamfuta na ƙasashen waje ba sa lissafi da ɗauke wuta. Mu dole mu yi. Kwamfuta mai harafin U da caja mai wat 45 ko 65 take aiki, ƙaramar inbata ko sola za ta riƙe ta, har akwai fawa-bank masu cajin irinta ta USB-C. Mai harafin H da katin hoto takan nemi caja mai wat 120 zuwa sama da 200, batirinta ba ya daɗewa, kuma da yawansu in ka cire caja sai su rage gudu. In unguwarku wuta ba ta zama, i7 mai H da ya mutu bayan awa biyu bai kai Ryzen 5 mai U da zai kai ka la'asar ba.

Sai zafi. Furosesa in ya doshi digiri 100 yakan rage gudunsa da kansa don kada ya lalace. A ɗaki mai zafi irin na Legas ko Fatakwal, siririyar kwamfuta mai babban furosesa za ta yi gudu na 'yan mintuna sannan ta sassauta. Kada ka ɗora ta a katifa ko a kan darduma, ka ɗaga bayanta iska ta shiga, ka sa a share fanka, a kuma sauya man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi in tsohuwa ce.

In kwamfutar tebur za ka haɗa

Wanda ke da shago ko ofis mai tsayayyar wuta, ta tebur ta fi ba da ƙarfi a kan kuɗi ɗaya, kuma ana sauya mata furosesa. Abin lura shi ne soket, wato gurbin da furosesa ke zama. Intel zubi na 12, 13 da 14 suna hawa LGA1700. Ryzen na tebur har zuwa jerin 5000 suna hawa AM4 da ram DDR4. Daga jerin 7000, wanda ya fito a 2022, sai AM5, shi kuma DDR5 kaɗai yake karɓa. In ka sayi furosesa da allon da soket ɗinsu bai dace ba, ba za su haɗu ba.

i5-12400 da Ryzen 5 5600 duk ƙwaya 6 zare 12 ne, wat 65, kuma sun ishi yawancin masu rubuta manhaja. Sai dai 5600 ba shi da sashen hoto. In ba ka da katin hoto, 5600G za ka nema. Game da manyan furosesoshin tebur na Intel zubi na 13 da 14, a 2024 kamfanin ya amince cewa wasunsu suna da matsalar da ke sa inji faɗuwa, ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, ya kuma ƙara musu garantin shekara biyu. Wanda zai sayi irinsu na hannu ya yi hattara, domin gyaran ba ya dawo da wanda ya riga ya lalace.

Abin da za ka yi a shago kafin ka biya

Ko Computer Village na Ikeja za ka je, ko Alaba, ko wani shago a Onitsha ko Aba, matakan ɗaya ne.

1. Kada ka yarda da tambarin da aka manna a jiki. Takarda ce, kowa na iya mannawa.
2. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Ka shiga Performance, ka zaɓi CPU. Za ka ga cikakken suna, da Cores, da Logical processors wato zaruruwa, da layin Virtualization. Ka tabbata an rubuta Enabled.
3. Ana iya sauya sunan da Windows ke nunawa. Don haka ka je da CPU-Z a filashinka ka buɗe, ko ka shiga BIOS ka karanta sunan a can. Ka kuma rubuta lambar a wayarka ka duba shafin Intel ko AMD, ka ga ko yawan ƙwayoyin ya yi daidai.
4. Ka tabbata BIOS ba shi da kalmar sirri. Injinan tokumbo da yawa daga ofisoshi suka fito, wasu a kulle. In a kulle yake ba za ka iya kunna VT-x ba, Docker da wayar gwaji sun tafi kenan.
5. Ka ba ta aiki na minti goma zuwa sha biyar. A CPU-Z akwai wurin matsa wa furosesa. Ka saurari fanka, ka taɓa jikinta, ka ga ko za ta mutu da kanta.
6. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna ƙarfin batir na asali da abin da ya rage.
7. Ka tambaya ko ram a manne yake ko akwai gurbi, in ya yiwu a buɗe ka gani.
8. In Mac ce, mai ita ya fita daga iCloud a gabanka, kuma ka tabbata ba a ɗaure take da wani kamfani ba.
9. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da kwanakin garanti.

In ba ka saba ba, ka tafi da wanda ya sani. A Kara ma baƙo ba ya shiga ciniki sai da ɗan gari, kuma ɗan abin da za ka ba shi bai kai asarar da zai tare maka ba.

A taƙaice, gwargwadon aljihu

Ban sa farashi ba saboda da dala yake tafiya, na yau daban na gobe daban. Amma ga matakai uku.

Mai ƙaramin ƙarfi: i5 zubi na 8 zuwa na 10, ko Ryzen 5 3500U, da SSD, da ram 8GB mai gurbin ƙari. Da wannan za ka koyi aikin shafukan intanet har ka fara samun kuɗi.

Matsakaici: Ryzen 5 4500U, 5500U ko 5600U, ko i5 zubi na 11 ko na 12, da ram 16GB. Nan ne kuɗi suka fi yin daraja, kuma nan na koma da kaina bayan na tara daga ƙananan ayyuka. Ryzen 5 5600U nake aiki da shi yanzu.

Mai hali: Ryzen 7 ko i7 mai harafin H daga zubi na 12, ko Core Ultra, ko Mac mai M da ram 16GB zuwa sama.

Tsohuwar i7 ɗin nan tana nan, na sa mata Linux Mint na ba ƙanena yana koyon HTML a kanta. Baba kuwa har yau in ya ga wani yaro ya zo neman shawara wurina, sai ya ce masa, "Ka dai bari ya buɗe mata baki tukuna." Allah Ya sa mu dace, Ya sa wa sana'o'inmu albarka.